Gyaran Tsagaggen Sauti Yayin Tace Hoton Bidiyo

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ke sa sauti ya tsage a hoton bidiyo, da kuma iyakacin gyaran da mai tacewa zai iya yi masa. Wannan matsala ta shafe mu malamai ƙwarai, musamman masu fita ɗaukar makaɗa da maroƙa domin nazari, tun da yake bugun ganga da kirari sukan tashi da ƙarfi ba zato.

Da farko, ya kamata mu san cewa kowace na'urar ɗaukar sauti tana da iyakar ƙarfin da za ta iya karɓa. A bidiyo, na'ura takan auna sauti sau 48,000 a kowace daƙiƙa, kuma a tsarin bit 16 matakan awon 65,536 ne, babu ƙari. Idan sauti ya zarce matakin ƙarshe, wato desibel 0, sai na'urar ta datse kan igiyar sautin ya zama a miƙe. Wannan datsewa ita ce kunne yake ji kamar karta. Saboda haka rage ƙarfin sauti bayan ɗauka ba ya maganinta, domin abin da aka datse ba a taɓa rubuta shi ba.

To, ina mafita? Manhajoji irin su Audacity, wadda ta fito a shekarar 2000, da iZotope RX, suna da sashen da yake duba siffar igiyar kafin datsewa da bayanta, sa'an nan ya zana kan da ya ɓace. Wajibi ne a adana kwafin asali tukuna, a rage ƙarfin sautin domin sabon kan ya sami wuri, kana a saurari sakamakon da kyau. In datsewar gajera ce, gyaran yakan gamsar. In kuwa ta yi tsawo, murya takan sauya kama.

Daga ƙarshe, muna jawo hankalin manazarta cewa wannan gyara kintace ne. Duk wanda zai kafa hujja da karin sautin mawaƙi, to ya bayyana inda aka gyara. Mai ɗauka kuwa ya tsayar da awonsa wajen desibel 12 ƙasa da iyaka, don kuwa mawaƙin da aka ɗauka yau ba lalle ne a same shi gobe ba.