BABI NA UKU: MANYAN ADADAI DA ƘA'IDOJIN TILASCI A NAZARIN TARI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana wata tambaya da ta gagari ƙa'idojin lissafi na asali, da kuma hanyoyi biyu da masana suka bi don warware ta, wato manyan adadai da ƙa'idojin tilasci. Za a nuna cewa hanya ta farko ba ta amsa tambayar ita kaɗai ba, amma ita ce ta tallabe ta biyu.

3.1 Asalin Matsalar

Idan dillali a kasuwar Funtuwa ya ga kowane manomi tsaye kan buhun masara ɗaya, babu buhun da ya rasa mai shi, to ya san yawan buhuna da na manoma ɗaya ne ko bai ƙirga ba. Da irin wannan haɗi na ɗaya da ɗaya Georg Cantor na ƙasar Jamus ya auna tarin abubuwa marasa iyaka. A 1874 ya tabbatar da cewa ɗigogin da ke kan layi sun fi lambobin ƙirga (1, 2, 3...) yawa, duk da cewa dukkansu ba su da iyaka. Ana kiran yawan lambobin ƙirga Alif-0, adadin da ke biye masa Alif-1, sai Alif-2, har abin da ya yi sama. A 1878 Cantor ya yi hasashen cewa babu wani adadi tsakanin yawan lambobin ƙirga da na ɗigogin layi, ma'ana yawan ɗigogin Alif-1 ne. David Hilbert ya sa wannan hasashe a farkon jerin matsalolinsa a birnin Faris a 1900.

Ƙa'idojin tushe da aka gina lissafin zamani a kansu su ne na Zermelo da Fraenkel, waɗanda ake taƙaitawa da ZFC. A 1938 Kurt Gödel ya nuna cewa ba za su iya ƙaryata hasashen ba. A 1963 Paul Cohen ya nuna cewa ba za su iya gaskata shi ba. Ke nan sai an nemo ƙarin ƙa'ida.

3.2 Dabarar Tilasci

Dabarar da Cohen ya ƙago ita ake kira tilasci. Ana ɗaukar wata duniyar tari da ta cika ƙa'idojin ZFC, sai a gina wani sabon tari kaɗan-kaɗan ta hanyar guntayen bayanai, har ya cika duk sharuɗɗan da tsohuwar duniyar ta gindaya. Idan aka cusa shi, sai a sami faffaɗar duniya wadda ita ma ta cika ƙa'idojin. Ta haka Cohen ya cusa sababbin ɗigogi har Alif-2 a kan layi, hasashen Cantor ya faɗi a can.

3.3 Manyan Adadai

Babban adadi shi ne wanda ba a isa gare shi ta hanyar tara ƙananan da ke ƙarƙashinsa, kuma ZFC ba ta iya tabbatar da samuwarsa. Su ma suna da matakai, wani na sama da wani. A 1947 Gödel ya bayyana fatan cewa irin waɗannan sababbin ƙa'idoji za su raba gardama. Sai dai a 1967 Levy da Solovay suka nuna cewa ƙaramin tilasci ba ya taɓa manyan adadai, alhali kuwa ya isa ya tsai da hasashen Cantor ko ya ka da shi. Saboda haka samuwarsu ba ta fifita kowane ɓangare.

3.4 Ƙa'idojin Tilasci

Ƙa'idar tilasci cewa take yi duniyar tari ta riga ta yalwata. Wato idan aka kawo sharuɗɗa har Alif-1 a cikin wani nau'in tilasci, to akwai tarin da ya cika su tun a gida, ba sai an fita waje nema ba. Ta farko ita ce Ƙa'idar Martin, wadda Martin da Solovay suka gabatar a 1970. A wannan siga tana ƙaryata hasashen Cantor, amma ba ta faɗi takamaiman yawan ɗigogin ba.

A 1988 Foreman da Magidor da Shelah suka gabatar da Ƙololuwar Martin, wadda ta game duk nau'in tilascin da zai yiwu a gama ba tare da tufka da warwara ba. Sun tabbatar da abubuwa biyu. Na farko, ƙa'idar ta nuna cewa yawan ɗigogin layi Alif-2 ne cif. Na biyu, idan samuwar wani babban adadi da ake kira sufakamfat ba ta saɓa wa ZFC ba, to ita ma ƙa'idar ba ta saɓa ba. A nan ne hanyoyin biyu suka haɗu, domin babban adadi ne ya tsaya wa ƙa'idar tilasci a matsayin lamuni. Bugu da ƙari, a 2021 Asperó da Schindler suka nuna cewa wata ƙarfafaffiyar sigar Ƙololuwar Martin tana haifar da wata ƙa'ida ta Hugh Woodin wadda ita ma amsarta Alif-2 ce.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa amsar Alif-2 ta rataya ne a kan amincewa da ƙa'idar tilasci. Ba duk masana suka amince ba. Shi kansa Woodin daga baya ya karkata ga wani tsari dabam wanda a cikinsa hasashen Cantor gaskiya ne. Don haka muhawarar ta koma kan hujjar da za ta sa a karɓi wata ƙa'ida a matsayin tushen lissafi, kuma wannan batu ne babi na huɗu zai duba.