Tataccen Sauti a Manhajojin Waƙa: Nawa Yake Ci, Kuma Zai Ɗore?

Duk wanda ya taɓa shiga saitin manhajar sauraron waƙa irin su Apple Music, Tidal ko Amazon Music, ya ga wajen da ake zaɓar ingancin sauti. Akwai na ƙasa, akwai matsakaici, sannan can sama akwai waɗanda aka rubuta wa Lossless da Hi-Res. Da yawanmu na saman muke kai wa hannu, don ai komai aka ce shi ne na ɗaya, shi rai ke so. To amma kafin ka danna, ɗan uwa ɗalibi, ya kamata ka san abin da kake saye, da nawa zai ci maka, da kuma ko kamfanin da ke sayar maka da shi zai kai baɗi yana nan.

Mene ne tataccen sauti?

'Yan sashen lantarki da na kimiyyar kwamfuta sun san wannan karatun, amma bari mu sauƙaƙa wa sauran. Idan za a mayar da sauti lambobin da kwamfuta ke ganewa, na'ura ce ke auna shi sau dubbai a kowace daƙiƙa. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16. Wannan ya kama kilobit 1,411 a daƙiƙa ɗaya.

Da yake fayil irin wannan yana da nauyi, sai aka ƙirƙiro hanyoyin matse shi, kuma iri biyu ne. Na farko, irin su MP3 da AAC, suna zubar da sassan sautin da kunne bai cika lura da su ba. Kamar tela ne ya rage wa riga faɗi: ta shiga ƙaramar jaka, amma abin da almakashi ya cire ya tafi kenan. Na biyu, irin su FLAC da ALAC, ninke rigar kawai suke yi, in ka warware ta za ka same ta yadda take. Wannan na biyun shi ake kira Lossless, wato marar ragi. Shi kuwa Hi-Res, wanda za mu kira tataccen sauti, ya zarce na CD: bit 24 ne, ana kuma auna shi sau 96,000 ko ma 192,000 a daƙiƙa. Mafi girmansa, kafin a ninke, yana kai kilobit 9,216 a daƙiƙa, wato ya ninka na CD fiye da sau shida.

Lissafin data

Nan ne maganar ta fara shafar aljihu. A lissafin da kamfanin Apple da kansa ya bayar, waƙa mai tsawon minti 3 tana cin kimanin megabayit 6 a matsattsen sauti mai kyau, megabayit 36 a marar ragi, sannan megabayit 145 a tataccen sauti mafi girma.

Mu ɗauka kana sauraro awa ɗaya kullum, wato waƙa 20 kenan. A matsattsen sauti za ka ƙona megabayit 120 a rana, gigabayit 3.6 a wata. A marar ragi, kusan gigabayit 22 a wata. A tataccen sauti kuwa, gigabayit 2.9 a rana, 87 a wata. Ma'ana, datar gigabayit ɗaya da ka saya don sauke takardun lakca da yin aikin gida, waƙa bakwai kacal za ta cinye ta. Ka tuna kuma cewa a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Ko ka ce za ka sauke su a waya ta hanyar Wi-Fi, matsalar wajen ajiya tana jiranka. Gigabayit 10 zai ɗauki waƙa kusan 1,700 a matsattsen sauti, amma a tataccen sauti kusan 70 ne kawai. Ga mai waya mai gigabayit 64 da hotuna da bidiyoyin WhatsApp suka riga suka cika, ka ga ai ba a fara ba.

Kayan sauraron fa?

Wani abin da ba a cika faɗa a talla ba shi ne, yawancin kayan da ke hannunmu ba sa iya isar da wannan sautin zuwa kunne. Bluetooth hanya ce mai ƙunci, dole sai ta sake matse sautin kafin ta aika shi. Ko tsarin LDAC na Sony, wanda yana cikin mafi ƙarfi, iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, bai ma kai na CD ba. Apple ya faɗa da bakinsa cewa AirPods ɗinsa marasa igiya da AAC suke aiki, kuma wanda ke son jin sauti mafi girma sai ya haɗa wayarsa da wata ƙaramar na'ura ta daban mai suna DAC, wadda ke mayar da lambobi su koma sauti. Bayan ita sai iyafis ko hedifon mai igiya mai kyau, sai kuma ɗaki shiru. A hostel ɗin da janareta ke ruri, maƙwabci na kallon ƙwallo, ko a cikin A Daidaita Sahu, wane bambanci za ka ji?

Shi kansa kunnen yana da iyaka. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin sauti daga hertz 20 zuwa 20,000, kuma yana raguwa da shekaru. A ƙa'idar Nyquist da ake koyarwa a ajin sadarwa, awo 44,100 a daƙiƙa ya isa ya kama sauti har hertz 22,050. Kenan CD ya riga ya rufe duk abin da kunne ke ji. A 2007, wasu masu bincike biyu a Amurka, Meyer da Moran, sun gwada mutane ba tare da sun san wanne ake kunna musu ba, sai sakamakon ya fito kusan rabi da rabi, kamar mai canke. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa akwai ɗan bambanci ƙanƙani da ake iya ji, musamman ga waɗanda aka horar da kunnensu. Don haka ba ƙarya ba ce zalla, amma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba.

Sannan babu tsarin da zai ƙara abin da ba a naɗa ba tun asali. Waƙar Mamman Shata da aka kwafo daga tsohon kaset, ko an zuba ta a fayil mai megabayit 145, shuuu ɗin kaset ɗin za ka ji da kyau.

Su kamfanonin suna cin riba kuwa?

Kasuwancin sauraron waƙa ta intanet kasuwanci ne mai ƙaramar riba. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ke shigowa yana tafiya ne wajen masu haƙƙin mallakar waƙoƙi, kuma manyan kamfanoni uku, Universal, Sony da Warner, su ke riƙe da kaso mafi tsoka. Daga ragowar za a biya ma'aikata, talla, da kuɗin manyan kwamfutocin ajiya. Spotify, wanda ya fi kowa yawan masu biya, ya fara aiki a 2008, amma sai a 2024 ya cika shekara guda cif yana cin riba. Idan babban yaya ya sha wannan wahalar, ina ga ƙananan?

Dabarar ƙananan ita ce su sayar da inganci da tsada. Tidal, wanda mawaƙin Amurka Jay-Z ya saya a 2015 kan dala miliyan 56, yana karɓar dala 19.99 a wata kan sauti marar ragi, lokacin da farashin kowa yake dala 9.99. Amazon ma da ya shigo da nasa a 2019, sai da ya ɗora ƙarin kuɗi a kai.

Sai ranar 17 ga Mayu, 2021. A ranar Apple ya sanar da cewa zai bai wa masu biyansa sauti marar ragi da tataccen sauti ba tare da ƙarin ko sisi ba. A wannan ranar dai Amazon ya cire nasa ƙarin kuɗin. Abin da wasu ke sayarwa ninki biyu, sai ga shi ya zama gyara, irin wadda mai awo ke ƙara maka a kan mudu. Dalili kuwa a fili yake. Apple waya da kwamfuta yake sayarwa, Amazon kuma kanti ne da hayar manyan kwamfutoci. Waƙa a wajensu hanyar riƙe kwastoma ce, ko ba ta kawo riba mai yawa ba, ba za su kwana da yunwa ba. Shi kuwa wanda waƙar ce kaɗai jarinsa, an taɓa masa tukunyar tuwo.

Dubi abin da ya biyo baya. A 2021 kamfanin Square na Jack Dorsey, wanda yanzu ake kira Block, ya sayi mafi yawan hannun jarin Tidal kan kusan dala miliyan 300. A Afrilun 2024 Tidal ya haɗe tsare-tsarensa ya mayar da su dala 10.99, farashi ɗaya da na kowa. An rage ma'aikata a ƙarshen 2023, aka sake ragewa a 2024, kuma Block ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa zai rage kuɗin da yake zubawa a Tidal. Kamfanin MQA na Ingila, wanda Tidal ya daɗe yana amfani da fasaharsa, ya durƙushe a 2023 har wani kamfanin Kanada mai suna Lenbrook ya saye shi, daga baya Tidal ya ajiye fasahar ya koma FLAC.

Tun kafin nan ma an ga irin haka. Mawaƙi Neil Young ya tara sama da dala miliyan 6 a Kickstarter a 2014 don na'urarsa ta Pono, wadda ake sayarwa dala 399. Zuwa 2017 an rufe babinta. Qobuz na Faransa ya shiga matsalar bashi a 2015, sai da kamfanin Xandrie ya saye shi ya tsira. Shi kuwa Spotify, ya yi alkawarin sauti marar ragi tun Fabrairun 2021, amma bai fara bayarwa ba sai Satumban 2025, kuma a cikin kuɗin wata na yau da kullum ya saka shi.

Darasin dai ɗaya ne: tataccen sauti ba zai ɓace ba, amma a matsayin hajar da za a riƙa sayarwa ita kaɗai da tsada, kasuwarta ta yi ƙunci. Wanda zai rayu a kanta sai mai ƙananan kwastomomi masu son abin da gaske, irin Qobuz, wanda bayan kuɗin wata yana kuma sayar da fayil ɗin waƙa ka mallaka.

Mawaƙi yana ƙaruwa?

Wani zai ce, to ai ko don mawaƙin ya samu. A nan ma a yi hattara. A yawancin manhajojin, ana tara kuɗin masu biya na kowace ƙasa a tukunya ɗaya, a raba gwargwadon yawan sauraro. Ko ka ji waƙa a megabayit 6 ko a 145, sauraro ɗaya ne a lissafi. Kuɗin ƙarin datar da ka ƙona, kamfanin layinka ne ya ci, ba mawaƙin ba.

Abin da ke ƙara wa mawaƙi kaso shi ne yawan kuɗin da ke cikin tukunyar. Qobuz, da ba shi da tsarin kyauta mai talla kuma farashinsa ya fi tsada, ya bayyana a 2025 cewa yana biyan kimanin dala 18.73 kan kowane sauraro 1,000. A Najeriya kuwa, Spotify ya shigo a 2021 da naira 900 a wata, kuma duk da ƙare-ƙaren da aka yi daga baya, kuɗin bai kusa da abin da Ba'amurke ke biya ba. Shi ya sa sauraro 1,000 daga Kano ko Kaduna ba ya kawo wa mawaƙi abin da 1,000 daga Landan ke kawowa. A irin wannan kasuwar, inda jama'a da yawa suka fi sabawa da Audiomack da Boomplay na kyauta, da wuya wani kamfani ya zo ya rayu kan sayar da tataccen sauti.

To, mene ne abin yi?

Na farko, shiga saitin manhajarka yau ɗin nan. Wajen sauraro da datar layi, bar shi a matsakaici ko mai kyau, wato kilobit 256 zuwa 320 in ya yi yawa. Idan da Bluetooth kake ji, kunna Hi-Res asarar data ce tsagwaronta.

Na biyu, idan kana da ɗan kuɗin da kake son kashewa don jin daɗin sauti, sa shi a iyafis mai kyau. Bambancin da ke tsakanin iyafis na bakin titi da mai inganci, kowa zai ji shi nan take. Bambancin CD da Hi-Res kuwa, ƙwararru ma sai sun kasa kunne.

Na uku, gwada kanka. Ka ba abokinka wayar ya riƙa sauya ingancin ba tare da ka gani ba, sau goma, kana faɗin wanne ne wanne. In ba ka ci takwas ko tara ba, ka huta da wahala.

Na huɗu, duba ko manhajarka tana da rangwamen ɗalibai. Spotify da Apple Music duk suna da shi, sai dai za su nemi shaidar cewa kana makaranta.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: kuɗin wata haya ce, ba saye ba. Ranar da ka kasa biya, ko kamfanin ya rufe, ko ya saɓa da masu haƙƙin waƙoƙin, jerin da ka shekara kana tarawa zai iya zama babu. Kayan aro ba ya rufe katara. Waƙoƙin da ba ka son rabuwa da su, nemi hanyar halal ka saye su ka ajiye a memori ko kwamfuta, sannan ka rubuta sunayen sauran a wani waje. Masu harkar situdiyo da 'yan sashen aikin jarida da ke naɗar sauti suna da dalilin aiki da bit 24, don yana ba su sararin gyara. Mai sauraro a hanyar zuwa lakca kuwa, megabayit 6 ta ishe shi, ragowar 139 ɗin a bar wa aikin makaranta.