Me Ya Sa Tsohuwar Mota Ke Shaƙewa Ko Mutuwa In An Taka Totur?

A yau ina so in yi bayani a kan matsalar da masu tsofaffin motoci suka fi kawo mini, wato mota ta tashi lafiya, silonta daidai, amma da an taka totur sai ta shaƙe, ko ta mutu ɗungum. Wannan ba abin wasa ba ne, domin a daidai lokacin da mutum ke shiga babban titi ko yake wuce tirela ne take yin haka.

Zan yi misali da Peugeot 504 mai kafireta, wadda muke kira Fijo. Ta fito a Faransa a 1968, an kuma fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, ga shi har yanzu wasunmu na adana ta a Turai. Bayanin ya shafi kusan kowace mota mai kafireta da kwantak.

Abin da nake gaya wa mutane kullum shi ne, kada a yi gaggawar kwance kafireta. A fara lura da lokacin da motar ke shaƙewa, domin shi ne zai nuna inda cutar take.

Na farko, in ta shaƙe nan take da taka totur, sannan ta farfaɗo ta ci gaba. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. In aka buɗe totur farat ɗaya, iska kan riga mai shiga saboda ta fi shi sauƙi, shi ya sa aka sa wani ɗan famfo a jikin kafireta mai feso mai don cike giɓin. A kashe injin, a cire gidan filtar iska, a leƙa maƙogwaron kafireta, a ja totur da hannu. Ya kamata a ga mai ya feso da ƙarfi. In ɗiga yake yi ko babu shi, to robar famfon ta mutu ko ƙofarsa ta toshe. Kada a leƙa injin na aiki, domin wuta na iya dawowa ta nan.

Na biyu, in tana tsinkewa tana fizga a hawan tudu ko da kaya. Nan wuta nake zargi. In an taka totur matsi na ƙaruwa cikin silinda, kuma tartsatsin fulogi na buƙatar ƙarfin lantarki fiye da na silo. Saboda haka raunanniyar wuta kan ɓoye a silo, ta bayyana a kan hanya. A duba fulogi da wayoyinsu, da murfin distiribita ko ya tsage, da kwantak ko ya ƙone. A 504 tazarar kwantak milimita 0.4 ce, ta fulogi kuwa 0.6. Sannan a sa fitilar taimin a ɗaga injin: dole alamar ta matsa gaba. In ta tsaya cik, na'urar gaggauta wuta ta cikin distiribita ta cije.

Na uku, in ta ja da kyau na ɗan lokaci sannan ƙarfinta ya zube, kuma ta dawo bayan an sassauta ƙafa. Wannan yunwar mai ce: kofin kafireta na ƙarewa kafin famfo ya cika shi. A duba filtar mai, da famfon mai, da tsatsar tanki. A kuma buɗe murfin tanki da zarar ta mutu. In an ji ya zuƙi iska, to mashaƙar tankin ce ta toshe.

Na huɗu, in sai ta yi zafi take yi. Ko dai kwayil ko kwandansa sun gaji, ko kuma mai ne ke tafasa a bututun da ya kusanci manifol ɗin salansa.

Mazauna Birtaniya su lura da wani abu kuma. Tun Satumbar 2021 aka fara sayar da E10 a matsayin fetur na yau da kullum, mai ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, irin wanda aka daɗe ana sayarwa a Amurka. Itanol na cin tsohuwar roba, yana kuma jan danshi cikin tanki in mota ta daɗe a ajiye. A riƙa shan E5, a kuma canja tiyon mai da robar famfo zuwa masu jure shi.

Shawarata ta ƙarshe, a daidaita wuta tukuna kafin a taɓa sukurorin kafireta, kuma a riƙa canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa wani. Wanda ya canja biyar a tare, ko motar ta gyaru, bai san abin da ya gyara ba. Sai mun sake haɗuwa.