Gara Na Cinye Tarihin Makarantun Matanmu

Jama'ar Ɗambatta, Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Minjibir, ku saurara. Wata ɓarna tana bin gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, kuma babu mai ɗaga murya a kanta. Takardun makarantun mata suna salwanta, na allon cikin gida da na Islamiyyar matan aure, tare da sunayen malaman da suka ƙarar da rayuwarsu a kansu.

Ga yadda abin yake faruwa. Tsohuwar malama za ta rasu bayan ta yi shekaru tana koya wa matan ƙauye alwala, Fatiha da hukuncin jini. A raba gona, a raba awaki da kwanuka, amma adakar takardunta babu mai tambaya. Sai a tura ta ƙarƙashin gado a ɗakin da ke yoyo. Damina biyu ta isa. Ranar da aka buɗe, gafaka ta yi funfuna, gara ta shiga ta gefe ta fita ta tsakiya, tawada ta jiƙe, warƙoƙin ajami sun manne da juna. Wanda ke tsoron Allah zai ce akwai sunan Ubangiji a ciki, sai ya ƙona ko ya binne. Rajistar ɗalibai kuwa, da yake da boko aka rubuta ta, a hannun mai ƙosai za ka tsince ta.

Kada wani ya ce ai takarda ce kawai. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa wa jagororinsu da ake kira jaji malfa da jan ƙyalle, su koma ƙauyuka su karantar da 'yan uwansu mata. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ina muka san wannan? Zuriyar mijinta Waziri Gidaɗo a Sakkwato ce ta adana rubuce-rubucenta hannu da hannu, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su aka buga a 1997. Da an yi musu riƙon da muke yi wa namu, da yau sai dai a ce an ce.

Asara ta farko ke nan: idan shaida ta ɓace, sai jahili ya tashi ya ce karatun mace baƙon abu ne da aka kawo mana jiya, ya cire 'yarsa daga aji, mu kuma mu rasa abin da za mu ajiye a gabansa.

Ta biyu ta fi kusa da wuya. Ƙasarmu a cike take, gona na jingine da gona, ko taku ɗaya ana iya zuwa gaban alƙali a kansa. Filin da wani bawan Allah ya bayar wakafi don makarantar mata, in takardar ta ruɓe kuma shaidu suka kwanta dama, magada za su dawo da garma. A wayi gari inda ake jin karatu da yamma ya zama kunyar gero.

A Timbuktu a 2013, 'yan bindiga ne suka cinna wa dubban littattafai wuta, duniya ta yi Allah wadai. Mu babu wanda ya zo mana da bindiga. Sakacinmu ne ke yin aikin.

Saboda haka, magidanci, ka buɗe adakar mahaifiyarka tun kafin ruwa ya sauka. A shanya takardu a inuwa, a naɗe su da tsumma mai tsabta, a ɗaga su daga ƙasa. Kada a ƙona ko warƙa ɗaya sai mai karanta ajami ya duba. Matasa, wayar da ke aljihunku ta ɗauki hoton kowane shafi, ta naɗi muryar tsofaffin malamai mata: wa ya karantar da su, su wa suka karantar. Dagatai da masu unguwanni, a sabunta takardar kowane wakafi da sa hannun shaidu. Abin da ya fi ƙarfin gida a nemi shawarar Gidan Ɗan Hausa ko Jami'ar Bayero a Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna.

Waɗannan mata sun sauke nasu nauyin ba albashi ba yabo. Amanarsu tana wuyanmu, kuma za a tambaye mu.