Matafiyi, Kada Ka Bar Littafi da Fensir a Gida

A ƙarshen shekarar 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu, har ya ga kogin Logon, wanda garin Yagwa yake kusa da gaɓarsa a arewacin Kamaru. Harin bayi rundunar ta fita, shi kuwa ya rubuta ɓarnar da ya gani, ya zana gidaje da rumbunan mutanen da aka tarwatsa. Da waɗannan zane-zane aka ƙawata littafinsa mai juzu'i 5 da ya fito a 1857 da 1858. A 1926 marubucin Faransa André Gide ya ratsa yankin, shi ma ya rubuta nasa. Fatakenmu da almajiranmu sun fi su taka waɗannan hanyoyi, amma yau idan ana neman kamannin ƙasar a wancan zamani, takardun baƙi ake buɗewa.

Wani zai ce ai yanzu waya ta wadatar. Waya tana ɗaukar hoto tun ido bai gama kallo ba, kuma ranar da ta faɗa ruwa shi ke nan. Mai zane dole ya zauna ya ƙura ido. Ɗauki ɗakin Musgu irin na garin Pus, wanda ake ginawa da yumɓu zalla, ba azara ba ginshiƙi, ya tashi sama kamar kan harsashi. Sai ka zo zana tuddan da ke jikin bangon za ka tambaya, a ce maka matakala ne da ake hawa a yi yaɓe, kuma su ke karya ƙarfin ruwan sama. Ƙofar ma ƙasanta matsattse ne, samanta da faɗi, a ƙoli kuma akwai kafar hayaƙi da ake rufewa da damina.

Kayan aikin ba tsada: littafi mai bango mai kauri, fensir, da leda saboda ruwa. A kowane shafi ka fara da kwanan wata da sunan wuri. Ka zana abu guda, ko kwalekwalen masunta, ko giginya, ko fadamun shinkafar kamfanin SEMRY da madatsar Maga ta 1979 take shayarwa. A gefe ka rubuta sunan abin da harshen Masa ko Fulatanci, da farashin kwanon shinkafa a kasuwa ranar. Wanda yake ƙyamar zana mai rai, gine-gine da itatuwa da taswirar hanya sun ishe shi. Ka nemi izini kafin ka zana gidan mutum, ka kuma nisanci shingen sojoji, musamman a bakin iyaka da Cadi.

Kada rashin iya zane ya hana ka, domin shi kansa Barth wani mai zane ne ya gyara masa nasa kafin a buga. Ambaliyar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a Yagwa da kewaye, wasu ba wanda ya adana siffarsu. Saboda haka, in tafiya ta kama ka zuwa Garwa, Marwa ko Yagwa, ka sa littafi a jaka, ka cika ko da shafi ɗaya kowace rana.