Murar Jarirai da Ɗakin Mai Jego a Karkarar Kano ta Arewa

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Ɗambatta, inda gonaki suka haɗe da juna kuma gidaje suka yi kusa, haihuwa ba sha'anin gida ɗaya ba ne. Tun daga ranar da aka sauka har zuwa ranar suna, ɗakin mai jego ba ya rabuwa da 'yan barka, kowace ta shigo sai ta karɓi jariri ta yi masa addu'a. Al'ada ce mai kyau, amma ta wannan ƙofa ce wata cuta takan shiga, wadda likitoci suke kira RSV.

Ita wannan ƙwayar cuta an fara gano ta ne a Amurka a 1956 a jikin birai, sa'an nan a 1957 Robert Chanock ya same ta a jikin yara. Ga yawancin manya, ba ta wuce mura da tari na 'yan kwanaki. Ga jariri kuwa, takan gangara cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu, waɗanda dama sirara ne ƙwarai, ta kumbura su, majina ta toshe su. Sai numfashi ya sarƙe, yaro ya kasa kama nono. Ƙiyasin shekarar 2019 ya nuna ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a duniya, kusan dukkansu a ƙasashe masu tasowa, kusan rabinsu kuma ba su cika wata shida ba.

Ba duk jarirai ne haɗarinsu ya zo ɗaya ba. Bakwaini shi ne a gaba, domin huhunsa bai gama ƙosawa ba, kuma yawancin garkuwar da uwa take ba ɗanta ta mabiyiya a watannin ƙarshe na ciki take wucewa. Sai tagwaye da sauran waɗanda aka haifa ƙanana, da masu ciwon zuciya na haihuwa.

Neman rigakafi ya daɗe. Gwajin da aka yi a Amurka a 1966 ya ƙare da mutuwar yara biyu, abin da ya ja aikin baya shekaru da yawa. A 1998 aka sami allurar palivizumab, amma wata-wata ake yin ta, ga tsada. Daga baya nirsevimab ta fito a 2022, wadda sau ɗaya ake yi, sa'an nan a 2023 aka amince da allurar da ake yi wa mai ciki don garkuwar ta isa ga ɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da waɗannan biyun a 2024.

Kafin irin wannan ta wadata a asibitin ƙauye, kariyar tana hannun kaka da ungozoma, su da suke da iko da ɗakin jego. Mai mura ta yi barka daga bakin ƙofa. Wanda zai ɗauki jariri ya wanke hannu da sabulu, musamman yayyensa, waɗanda su ne suka fi kwaso mura daga waje. Garwashin da ake ajiyewa don ɗumama ɗaki, da hayaƙin kara da turaren wuta, duk suna wahalar da huhun jariri. Ɗumin ƙirjin uwa ya fi wa bakwaini amfani. Dakashi kuwa, wanda wasu suke matsewa su zubar da zaton ƙazanta ne, shi ne nonon da ya fi kowanne garkuwa. Kada kuma a ɗauka sai da hunturu ake kamuwa: binciken da aka yi a Gambiya ya nuna a can da damina cutar ta fi yaɗuwa.

Idan jaririn da bai kai wata biyu ba yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, to, lamarin ya wuce jiƙo da hayaƙi. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya kama wannan cuta. Abin da ke ceton yaro shi ne iskar oksijin da ciyarwa ta tiyo, waɗanda sai a asibiti ake samu, ko da za a kai ga Asibitin Yara na Hasiya Bayero a cikin birni.