Tramol a Ƙasar Arewa: Ƙwayar da Ke Shigowa da Sunan Maganin Gajiya

Idan damina ta kankama a ƙasar Arewa ta Nijar, daga Matankari har Gesheme, ciyawa ba ta jiran kowa. Sai an gama noman fari kafin haki ya ci ƙarfin hatsi, ana gamawa kuma maimai ya iso. A irin wannan lokaci ne yaro ɗan shekara sha huɗu ko sha biyar ke ɗaukar hauya ya bi sahun manya, ko a gonar gidansu ko cikin ƴan barema. Rana na take tsaka, ƙugu ya riƙe, sai na kusa da shi ya zaro wani ɗan kati daga aljihu, ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya ce: "Ungo, ƙanena, maganin gajiya ne." Yara da yawa ta wannan ƙofa suke fara sanin tramol. Ba su je mashaya ba, ba su bi ƴan iska bayan gari ba. Aiki suka fita, kuma wanda ya ba su ƙwayar gani yake taimako ya yi.

Wa'azin da ake yi wa matasa kan shaye-shaye yakan tsallake wannan wuri. Ana zana masu hoton ɗan ƙwaya mai daƙiƙin kai da jajayen idanu, yana tangaɗi a tasha. Yaro ya duba yayansa ɗan kabu-kabu, mai sallah a kan lokaci, mai kawo cefane gida, wanda kuma ke jefa ƙwaya biyu cikin kofi kowace safiya, sai ya ga ai ba da shi ake ba.

Samun ƙwayar kuwa ba wuya a ƙasar Arewa. Dogon Dutsi na bisa babban titin da ya taso daga Yamai ya bi ta Dosso ya nufi Ƙonni da Maraɗi. Tibiri kuwa, wadda aka yanke daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ta haɗa da Kore Mai Ruwa da Dumega da Gesheme. Iyakar Najeriya tana nan kusa, dangi ɗaya ne a tsallake, kasuwanni ma kusan ɗaya ne. Hanyoyin da ke kawo fetur da taki da atamfa su ne ke kawo kwalayen magani, daga nan su watsu zuwa tiren masu talla da teburan bakin kasuwa, inda ba a tambayar takardar likita, balle shekarun mai saye. Ga kuma ƴan bida da ke dawowa daga biranen kudu ko daga ramukan zinariya irin na Jado, wanda aka buɗe a 2014, wasunsu da kuɗi a aljihu, wasu da ɗabi'ar da ba su tafi da ita ba.

Ita tramol, wadda likitoci ke kira tiramadol, magani ce ta gaske. Wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ne ya haɗa ta a 1962, ta shiga kasuwa a 1977, domin rage zafin ciwo mai tsanani kamar na karaya ko na bayan tiyata. Dangin mofin ce, shi ya sa take kama jiki. A asibiti ana ba da miligiram 50 ko 100 a sha ɗaya, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce 400 a yini ba. Wadda ke yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma kuwa ana buga mata 120, 200, 225, har 250 a ƙwaya guda. Ke nan yaron da ya haɗiye biyu masu lamba 225 da shayin safe ya riga ya haure iyakar da aka yanka wa ƙato na yini ɗungum, tun bai isa gona ba.

Girman wannan ciniki ya fi ƙarfin mai tire. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce a shekarar 2016, kashi 87 cikin 100 na magunguna dangin mofin da aka kama a duniya baki ɗaya, a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da ta Arewa aka kama su, kuma akasarinsu tramol ce. A watan Satumban 2017 an cafke ƙwaya fiye da miliyan 3 a Nijar cikin wata mota da ta fito daga Najeriya ta nufi arewacin Mali, a kwalaye masu ɗauke da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya don ɓad da sawu. Tun kafin nan, a 2012, likitan ƙwaƙwalwa Djibo Douma Maiga da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan yadda tramol ta kama samari da yaran da ke rayuwa a titi a Yamai.

Akwai wani labari daga Kamaru da ya dace kowane mushe ya ba ƴan ajinsa. A 2013 wasu masana suka sanar da duniya cewa sun gano tramol a cikin saiwar tafashiya, itacen nan da masu maganin gargajiya suka daɗe da sani. Aka yi ta mamaki, wai ashe daji ma yana haɗa abin da aka ɗauka sai masana'anta. Shekara na zagayowa wasu masana daga Jamus suka bi sawu, suka tarar ba haka ba ne. Manoman arewacin Kamaru ne ke shan ƙwayar, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don su jure rana, har fitsarin mutane da na dabbobi ya ratsa ƙasa, saiwar itace ta zuƙe shi. Manoman can ba su da wani bambanci da na ƙasar Arewa: rana ɗaya ce ke dukansu, dalilinsu ma ɗaya ne.

Abin da ya kamata yaro ya ji, a faɗa masa dalla-dalla, shi ne tramol ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan. Toshe jin ciwo take yi. Gajiyar tana nan, jiki na ci gaba da lalacewa, mai shi ne kawai ba ya ji. Bayan ƴan makonni ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Ranar da bai samu ba kuwa sai hamma da zufa da majina, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗa, barci ya ƙaura, magana kaɗan ya hau mutum da faɗa. Daga wannan lokaci ba don aiki yake sha ba, don ya iya tashi daga tabarma yake sha. Wasu samarin kuma sun faɗa ne ta wata hanyar, saboda raɗe-raɗin da ake yi a fada, wato majalisar shayin samari, cewa tana taimakon namiji a shimfiɗa, alhali daɗewa ana shanta rage sha'awar take yi.

Haɗarinta mafi saurin zuwa shi ne jijjiga. Idan ta yi yawa a jini, mutum kan yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa na fita a baki, ko da bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa. Idan a kan babur abin ya same shi, shi da fasinja sai yadda Allah ya yi. A ƙasar Arewa, inda aka san bori da iskoki tun zamanin kakanni, ba abin mamaki ba ne a fassara irin wannan faɗuwa da bugun iska, a nufi mai magani ko a ɗauko malam ya yi tofi. Kowa da imaninsa, amma kafin a yanke hukunci ya dace a laluba aljihun yaron. Wanda ya haɗa ta da giya ko da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam kuwa, numfashinsa na iya yin ƙasa har ya tsaya yana cikin barci.

Masu sayarwa ba sa zama wuri ɗaya. A 2018 Indiya, inda ake sarrafa mafi yawan tramol ɗin da ke shigowa, ta tsananta dokar fitar da ita. Ba a jima ba sai ga wasu ƙwayoyi masu kama da ita a kati da launi, da sunaye irin su Tafrodol, waɗanda aka haɗa da tafentadol, wadda ta fi tramol ƙarfi, da wani maganin sassauta jijiya. Binciken da BBC ta fitar a Fabrairun 2025 ya bi sawunsu har wata masana'anta a yankin Mumbai, daga nan hukumomin Indiya suka hana haɗin. Yaron da ya ce shi ya san iyakarsa bai ma san abin da ke cikin katin da ya saya ba. Haka aka yi da kodin, maganin tarin da ake tsiyayawa cikin lemun kwalba: sai da BBC ta nuna ɓarnarsa a ƙarshen Afrilun 2018, sannan Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi kwana ɗaya bayan nan. Ya shiga har wajen ƴan mata da matan aure, don ba ya wari kuma ana iya shansa a ɗaka. Rahoton babban binciken Najeriya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Iyayen da ke sa ido kan samari kaɗai rabin aikin suke yi.

Taba ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana hallaka fiye da mutum miliyan 7 a shekara, kuma tana iya kashe har rabin waɗanda ba su daina ba. A hayaƙinta akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Shishar da samarin birni ke ɗauka wayewa ce, ruwan da ke cikin tulunta ba ya tace guba, kuma zaman awa ɗaya na iya cusa wa ƙirji hayaƙin da ya kai na sigari ɗari. Giya kuwa, ko burkutu ce ko ƴar leda mai zafin nan da ke shiga aljihun wando ba a gani, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 bisa ƙididdigar hukumar. Dalilin da ya sa shekaru ke da muhimmanci shi ne ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke auna sakamako ya taka wa zuciya birki shi ke zuwa a ƙarshe. Wanda ya fara a sha uku ya fi wanda ya fara a ashirin da biyar saurin kamuwa, ya kuma fi shi wahalar rabuwa.

Tsoratarwa kaɗai ba ta aiki, an gwada an gani. A 1983 aka ƙaddamar da wani shiri mai suna DARE a Los Angeles ta Amurka, inda ƴan sanda ke shiga aji suna gargaɗin yara. Ya bazu ko'ina, aka kashe masa dukiya, amma da masana suka bi ɗaliban shekaru bayan haka, sai suka tarar kusan babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba su ji darasin ba. Idan aka ce wa yaro ƙwaya ɗaya za ta haukata shi, ya sha bai haukace ba, an rasa amincewarsa, har gaskiyar da za a faɗa masa gobe ba zai saurara ba. Gara a ce masa eh, ranar farko za ka ji garau, ga kuma abin da ke biyowa a wata na uku. A kuma koya masa abin da zai ce wa wanda ya girme shi idan ya miƙo masa kati, domin ƙin karɓar kyautar babba abu ne mai nauyi ga yaron da aka tarbiyyantar da kunya. "Na gode, yaya, tana juya mini ciki" ta ishe shi fita ba tare da ya ci fuskar kowa ba.

Ƙasar Aisilan ta bi wata hanyar. A 1998 kashi 42 cikin 100 na ƴan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu a watan da ya gabata. Zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5, masu shan sigari kullum kuma daga kashi 23 zuwa 3. Ba huɗuba suka ƙara ba. Hana yara yawon dare suka yi, iyaye suka yi alkawarin ƙara zama da ƴaƴansu, hukuma ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa. Arewa ba ta da baitulmalin Aisilan, amma tana da filin kokowa da langa da ƙwallo, kuma yaran jihar Dosso sun taso suna jin sunan ɗan kokowa Issaka Issaka da takubban gasa da ya ɗauko. Ita ma fada, da ake yawan ɗora wa laifi, ba shayin ne matsalarta ba. Fadar da ke da babba ɗaya mai faɗa a ji, wanda ba ya yarda a jefa komai cikin buta, ta fi taron ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 26 ga Yuni tasiri, wanda ake yi sau ɗaya a shekara a ƙona kwalaye a watse.

Sauran kuma yana wuyan manya. Nijar na da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, da dokar taba ta watan Mayun 2006 wadda ta hana sayar wa yara, ga kuma hukumar OCRTIS da ke farautar dillalai. Amma babu jandarman da zai hana uba aiken ɗansa ya sayo masa kara biyu, ko ya hana mai gona haɗa wa ƴan barema ƙwaya da furar rana don su gama da wuri.

Uwa ce kan fara lura. Yaro ya rage cin tuwo, yana yawan sosa jiki, yana gyangyaɗi da rana ido biyu da dare, kuɗin cefane na ɓacewa, maki ya faɗi a lakwal, ga fankon kati a aljihu ranar wanki. Duka da kora ba sa cire ƙwaya daga jini, sai dai su tura shi wajen waɗanda za su ba shi kyauta. Ɗaure shi da mari ma haka. Wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, likita ne ke rage masa sannu a hankali, ana farawa daga asibitin unguwa ko babban asibitin gunduma a Dogon Dutsi, idan ya fi ƙarfinsu su tura Dosso ko sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai. Idan kuwa ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa nono ko ruwa. In jijjigar ta wuce minti biyar, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a nemi mota nan take, a kuma tafi da katin ƙwayar don ma'aikatan asibiti su ga abin da ya sha.